Allon da Ya Shekara Uku Ba a Wanke Ba

Ranar Asabar ce, ina tsame ƙosai daga mai, Malam Abdulsalami ya tsaya a ƙofar gidanmu ya yi sallama har sau biyu, alhali yana ganina ina ganinsa. Nan na san da magana. Mutumin da na goya yana jariri duk sa'ad da uwarsa za ta kai niƙa, ba ya yi mini sallama biyu sai bakinsa ya yi nauyi.

"Inna Altine, in kin sarara ina son ganinki."

"Ai ga ni ka gani. Faɗi, man nan ba ya jira."

Ya gyara hula, ya dubi kaskon, ya dubi ƙasa. Ya ce makarantar allon da ya gada daga mahaifinsa a nan Tudun Wada za ta koma Islamiyya mai aji-aji. Iyayen yara sun zauna, an kawo bencina, daga Asabar mai zuwa kowa za a ba shi aji daidai inda karatunsa ya kai. Ajin farko kuma na 'yan shekara huɗu da biyar ne.

"Kyauta shekararta tara, Inna, kuma har yau tana kan allon farko. Ban san inda zan ajiye ta ba. Ga shi kuma ta ɗauko wata ɗabi'a, ana cikin karatu sai ta riƙa dukan tabarma, yara su rikice. Ina ganin daga Laraba ta huta a gida."

"Ta huta? Me ta yi da za ta huta, dakon siminti?"

"Inna, don Allah."

"Ƙosaina na ƙonewa, Abdulsalami. Sai an jima."

Na kira shi da sunansa tsirara, ba Malam, don ya san raina ya ɓaci. Ya tafi, ni kuma na ƙone kasko guda cur.

Kyauta jikata ce, 'yar autata Zulaiha. Shekara goma sha ɗaya Zulaiha na jiran haihuwa kafin ta same ta, shi ya sa sunan. Ta zo duniya da wahala, kwana biyu ana naƙuda, ta faɗo ba kuka. Hannunta na dama a naɗe yake, tana jan ƙafa ɗaya, baki kuwa bai taɓa haɗa kalma ba, sai "aa" da "mm". Likita ya ce kunnenta lafiya lau, wajen da ke juya gaɓoɓi ne ya samu rauni a ƙwaƙwalwa. Uwarta na fita kasuwa tun safe, ubanta na jan keke mai ƙafa uku har magariba, don haka ni ce da ita. Ƙawata nake kiranta.

To, ga inda matsalar take. A makarantar allo ƙa'ida ɗaya ce tun kakanni. Malam ya rubuta maka, ka koya, ka zo gabansa ka biya da bakinka, in ya gamsu ya ce je ka wanke, a rubuta maka na gaba. Wanda bai biya ba, ba ya wankewa. Kyauta ba ta da bakin biyawa. Shekara uku ke nan allonta na ɗauke da baƙaƙen farko, su alu da ba da sin, yaran da suka shiga tare da ita kuwa wasu sun haura izu biyu.

Amma ku zo ku ga yarinyar nan da safe. Kafin in hura wuta ta jawo hijabinta da haƙori da hannu ɗaya, ta rungume allo, ta zauna a dokin ƙofa tana jira. Makarantun boko biyu muka kai ta, duka suka ce ba su da yadda za su yi da ita. Zauren Malam ne kaɗai ƙofar da take fita ta shiga cikin 'yan'uwanta yara. In aka rufe wannan, shi ke nan, sai tsakar gida da ni da kaji.

Maganar dukan tabarmar nan ce ta tsaya mini a rai. Ƙawata ba mafaɗaciya ba ce, ni ce mafaɗaciyar gidan. Na ce lalle akwai 'yar da ke mintsininta a ɓoye, kuma wallahi sai na kama ta. Ranar Lahadi bayan la'asar na yafa mayafi, na bi ta makaranta, na samu lungu kusa da randa na zauna. Malam ya dube ni, ya ci gaba da karatu.

Zauren ya ɗauki ƙara kamar kullum, kowa na rera nasa. Kyauta na can baya, jingine da bango, allonta a cinya. Ba shi take kallo ba. Wuyanta a miƙe, tana leƙen allon Ummi, wata 'yar siririya da ke gabanta tana bin layi da yatsa. Ba wanda ya taɓa ta, ba wanda ma ya kula da ita.

Aka fara biyawa. Yasmin, babbar cikinsu, ta durƙusa gaban Malam ta kama karatu. Tana cikin tafiya sai na ji tim! Kyauta ta daki tabarma. Ban gama juyawa ba na ji Malam ya ce, "A'a, Yasmin, maimaita." Ta maimaita, ta wuce. Can kuma tim! Sai Malam: "Koma baya, kin tsallake."

Na gyara zama. Ni dai ban san alu ba ko da za a zana mini shi da tsawon taɓarya, amma na san ƙirga, sana'ata ce. Ummi ta zo biyawa, tim, Malam ya gyara mata. Wata ta zo ta biya sumul, Kyauta ko motsi. Sau shida ta daki tabarmar nan a yammacin, sau shida Malam ya yi gyara, kuma kowane karo hannunta ya riga bakinsa.

Da aka tashi yara na tare shi.

"Malam, kai ba ka lura ba? Ba rikici take yi ba, gyara take yi. Kafin ka ce a'a ta riga ka."

Ba shi da taurin kai, Allah ya sani, sai dai a hankali yake juyawa. Ya ce, "Ko da haka ne, Inna, wannan kunne ne. Yaro na iya haddace abin da yake ji kullum bai san baƙi ko ɗaya ba. Aji kuwa da karatu za a raba."

"To gwada ta mana! Ka karanta, ka yi kuskure da gangan, ka ga in ba ta kama ka ba."

Kai, da kun ga fuskarsa. "Subhanallahi! Inna, in ɓata aya da gangan? Da bakina?"

Kunya ta rufe ni. Tsofai-tsofai da ni, na zo zauren malamai ina ba da shawarar saɓo. Na ce astagfirullah, na ja hannun jikata muka fito. A hanya ina ta faɗa, da shi, da kaina, da mai babur ɗin da ya kusa taka mu.

Washegari Malam Yona ya tsaya shan koko kamar yadda ya saba. Mutumin Gbagyi ne, daga Fadikpe yake tasowa a babur kowace safiya, yana koyarwa a wata makarantar yara kurame da masu lalura irin ta Kyauta, can nesa da mu. Hausarsa ba ruwanta da mace ko namiji, sau da yawa mace ma "shi" ce a bakinsa, na gaji da gyara masa na bari. Ya ga fuskata ya ce, "Mama, yau kosai ya yi fushi ne ko mai kosai?" Na zazzage masa komai.

Ya ajiye kofi, ya tsuguna gaban Kyauta da ke zaune a dokin ƙofa. "Kyauta, kana son makaranta?"

"Yo ba dole ba," na ce. "Tun asuba take..."

"Mama." Ya ɗaga mini hannu. "Ba ke na tambaya ba."

Tabɗi! A ƙofar gidana, da kofina a gabansa. Na buɗe baki zan wanke shi tas, sai ya yi dariya ya ce, "Ki yi hakuri, Mama. Amma kullum ina gani. Ana tambaya yarinya, ke kina amsa. Shi yana da amsa, hanya ne yana da nisa. Daga kai zuwa hannu, kamar jirgin kaya, a hankali yake zuwa amma yana zuwa. Abu biyu kawai. Ki yi tambaya wanda hannu zai iya amsa. Sannan ki rufe baki, ki kirga ashirin a ciki."

"Ashirin? Ni?"

"Ke fa, Mama. Na san zai yi wuya."

Ya hau babur ya bar ni da haushi. Amma da rana ta yi, gida ya yi tsit, na ce bari in gwada maganar ɗan banzan nan. Na zuba koko a kofi ɗaya, shayi a ɗaya, na ajiye gabanta. Na ce, "Ƙawata, wanne kike so?" Na kama bakina. Ɗaya, biyu, uku. Wallahi ashirin na da nisa. Ina sha huɗu hannunta na hagu ya taso yana rawa, ya wuce koko, ya sauka a kan shayi.

"La ila! Jikar mai koko! Shekara nawa ina ɗura miki koko, ashe ke 'yar shayi ce, munafuka?"

Ta ƙyalƙyale da dariya har da faɗuwa gefe. Ni ma na yi dariya, amma daga baya da na shiga ɗaki abin ya dame ni ƙwarai. Shekara tara ban taɓa tambayarta na jira ba.

Ranar Laraba, ranar ƙarshe, na bar wa maƙwabciya kaskon na tafi da ita tun da hantsi. An yi ruwa da asuba, gari ya yi sanyi, bencinan nan sababbi na jere a gindin mangwaron ƙofar zaure suna ƙamshin katako. Na samu Malam yana feƙe alƙalami.

"Malam, ban zo faɗa ba."

"Alhamdu lillahi," ya ce, har da ajiyar zuciya.

"Ka ce kunne ne ba ido ba. To gwada idon. Kai ka karanta daidai yadda Allah ya saukar, ba kuskure, ita kuma ta nuna maka wurin da hannu. Sharaɗi ɗaya, in ka tambaya ka jira. Kada ka ce mata komai sai ka ƙirga ashirin."

"Biyawa da baki ake yi, Inna. Haka na taras."

"Na sani. Bakin ne babu. Sai a kore ta don abin da ba ita ta hana kanta ba?"

Ya juya alƙalamin a hannu. Sannan ya ce, "Zan gwada. Amma in ban gamsu ba, ba zan ce na gamsu don kunyarki ba."

"Ban roƙe ka ƙarya ba."

Ya sa yara suka yi shiru. Ya ɗauko alluna uku na 'yan mata daban-daban ya shimfiɗa a gaban Kyauta, ya karanta aya ɗaya daga tsakiyar wata sura, ya ce, "Kyauta, nuna mini inda take."

Zaure ya yi tsit, har ana jin ɗigar ruwa daga indararo. Na fara ƙirga. Biyar, ba motsi. Takwas, yara sun fara kallon juna. Goma sha biyu, wata ta yi 'yar dariya, Malam ya harare ta. Maganar ta taho mini har maƙogwaro, ƙawata nuna masa mana, na cusa bakin mayafi a baki na cije. Idonta na tafiya a kan allunan, layi bayan layi. Sha bakwai, hannun ya taso. Ya yi rawa, ya karkace, ya dawo, ya sauka da gaɓar yatsa a kan allon tsakiya, layi na uku.

Malam ya sunkuya ya duba. Bai ce komai ba, ni kuwa ba damar in sani, tunda ban iya ba. Sai Ummi ta yi raɗa da ƙarfi, "Wallahi nan ne!"

"Allon Ummi ne," in ji Malam a hankali. "Kullum a bayanta take zama, ta san shi."

Na ji kamar in kwaɗa masa ludayi, amma na tuna na ce ban zo faɗa ba. Ya jawo wani wankakken allo, ya tsoma alƙalami, ya rubuta layuka biyar da hannunsa, kowanne daga wuri daban, yadda ba wanda ya taɓa ganinsu a jere haka. Ya bari ya sha iska, ya ajiye mata. Wannan karon ba aya ya nema ba, kalma ɗaya ya faɗa.

Muka jira. Ta nuna.

Ya faɗi wata. Ta nuna, hannun ya zame ƙasa kaɗan, ta yi ƙara don haushi, ta komar da shi inda take nufi. Ya nemi baƙi ɗaya a cikin kalma, ta ɗora farce a kai. Yanzu yara sun matso sun kewaye ta, ba mai dariya, leɓunansu na motsi, ashe su ma ƙirgar suke yi. Zufa ta keto mata a goshi duk da sanyin garin, don kowane ɗaga hannu aiki ne a wurinta.

Sai ya faɗi wata kalma, muka ƙirga ashirin, ba ta motsa ba. Talatin. Idonta ya bi allon daga sama har ƙasa sau biyu, sannan ta ɗago ta zuba wa Malam ido, hannunta na kan cinya. Na ce shi ke nan, ta gaji, an gama da mu.

Malam ya ajiye alƙalami. "Babu ita a allon," ya ce. "Ban rubuta ta ba."

Ya juyo gare ni, muryarsa ta canza. "Inna, wa ya koya mata?"

"Ni dai ka san ba ni ba ce."

Ya dubi inda take zama a jikin bango, ya dubi inda Ummi da Yasmin ke zama a gabanta suna bin layi da yatsa suna rerawa. Ya gane, ni ma na gane. Shekara uku tana leƙen allunan mutane ta bayan kafaɗa, tana haɗa abin da kunne ya ji da abin da yatsa ya nuna, ita kaɗai, ba wanda ya sani.

"Aji uku za ta zauna, tare da su Yasmin," ya ce. "A ba ta bakin benci ta jikin bango don ta samu madogara. Biyawarta da hannu ce, ni zan riƙa karɓa da kaina." Sannan ya dube ta ya faɗi abin da take jin ana gaya wa kowa ban da ita. "Kyauta, je ki wanke."

Wayyo, ƙarar da yarinyar nan ta yi! Ta yunƙura ta miƙe tun kafin in kama ta. Ummi ta kawo ƙwaryar wanki da ruwa, na riƙe mata allon a bakin zaure, ita kuma ta sa hannun hagu tana gogawa. Ruwan ya yi baƙi. Ta goga, ta sake gogawa. Aka sake ruwa.

Rubutun bai fita ba. Tawadar sama ta tafi, amma baƙaƙen na nan raɗau a jikin katakon, ja-ja, kamar da wuta aka zana su. Na karɓa na sa ƙarfina, na dirza da tafin hannu har ya yi zafi. Ko gezau.

Malam ya taso ya karɓi allon, ya shafa shi da yatsa.

"Duk sa'ad da ya dushe, sai in bi sawunsa da sabuwar tawada," ya ce, ba da ni yake ba, ba kuma da yaran ba. "Ban san sau nawa ba. Ina ganin kamar alheri nake mata. Ashe tana nan tana kallona ina sake rubuta mata abin da ta wuce tun tuni."

Sai ya durƙusa, babban mutum da gemunsa, a gaban almajiransa duka, har gwiwarsa ta taɓa jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya ajiye allon tsakaninsa da ita.

"Kyauta, na zalunce ki ban sani ba. Ki yafe mini."

Bai tashi ba. Ya tsaya yana jiran amsa, mu ma muka tsaya. Ni da na zo da bakina cike da magana, hawaye ne kawai ke zuba, ban ko share ba, don rabin wannan roƙon nawa ne.

Ta daɗe tana kallonsa. Ba ta gyaɗa kai ba, ba ta yi murmushi ba. Hannun ya taso a hankali, ya kama gefen allon, ya kuɓuce, ya sake kamawa. Ta kifa shi, bayansa ya koma sama, fari tas, ba a taɓa ɗora masa alƙalami ba. Ta tura shi har ya taɓa gwiwar Malam, ta daki ƙasa sau ɗaya.

Malam ya share fuska da hannun riga. Ya ce, "Yasmin, miƙo mini tawada."